Tarken Bayanin Kayan Aiki da Ake Rubuta wa Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira

Manufar wannan takarda ita ce a ɗora wani sabon nau'in rubutu a kan ma'aunin tarke, watau ɗan bayanin da masu tsara manhaja kan rubuta don na'ura ta karanta. Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da kamfanin OpenAI ya ba na'urorinsa ikon kiran wasu manhajoji, zuwa Nuwamba 2024 da Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP, zubin wannan rubutu bai sauya sosai ba. Akan ba kayan aiki suna, a bayyana aikinsa cikin jimla ɗaya ko 'yan jimloli, sannan a jera abubuwan da yake bukata a ba shi. Wakilin ba ya ganin cikin manhajar. Abin da aka rubuta masa kaɗai yake dogara da shi wajen zaɓe, kamar baƙon da aka miƙa wa makullai da takardar kwatance, mai gida kuwa ya yi tafiya.

Bari mu feɗe misalin da ya fi yaɗuwa, watau get_current_weather, wanda OpenAI ya kawo a 2023 kuma jama'a suka yi ta kwaikwayo. Sunan ya yi kyau, domin ya nuna yanayin yanzu ake nufi. Amma bayanin bai ƙara kome a kan sunan ba, maimaita shi kurum ya yi da wasu kalmomi. Wajen wuri kuma sai aka nemi gari da jiha, aka ba da misalin San Francisco ta Amurka, ba a ambaci ƙasa ba. To, idan mutum ya tambayi yanayin Gaya fa? Akwai Gaya a jihar Kano, akwai ta yankin Dosso a Nijar, akwai kuma ta Bihar a Indiya. Bayanin bai ce wa wakilin ya tambayi mai bukata ba, bai kuma faɗi abin da zai faru in an rasa garin ba. Haka nan ma'aunin zafi: an ba da zaɓi biyu, ba a wajabta ko ɗaya ba, ba a kuma faɗi wanda za a ɗauka in an yi shiru ba. Digiri 40 a ma'aunin Selshiyas zafin bazara ne na Sakkwato, a na Farenhait kuwa sanyi ne da bai wuce digiri 5 na Selshiyas ba. Za a iya cewa misali ne kawai na koyarwa, kuma gaskiya ne, sai dai abin da aka koya wa almajiri da shi yake girma.

Akasin wannan shi ne bayanin write_file da ke cikin manhajar fayil ta MCP. Ya faɗi cewa yana ƙirƙirar sabon fayil ko ya shafe tsohon gaba ɗaya, ya ja kunne cewa ba zai yi gargaɗi kafin shafewa ba, ya kuma iyakance wuraren da yake aiki. A nawa ra'ayin, wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba, domin ya ambaci ɓarnar da zai iya yi.

Dangane da tsawo, Anthropic ya ba da shawarar jimla uku zuwa huɗu aƙalla. Ban ga laifin shawarar ba, amma ƙirgen jimla ba ma'auni ba ne. Kowace kalma tana cin wuri a cikin abin da na'urar ke iya riƙewa a lokaci ɗaya, kuma idan kayan aiki suka yi yawa, surutu kan binne muhimmin zance. Abin tambaya shi ne ko bayanin ya raba wannan kayan aiki da maƙwabcinsa mai kama da shi.

Akwai kuma matsalar amana, wadda ta fi duk waɗannan nauyi. A watan Afrilu 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna kayan aikin da a fili lissafin tara lambobi biyu yake yi, amma a cikin bayaninsa an cusa umurni ga wakilin ya karanto makullan sirri na mai kwamfutar ya miƙa. Mutumin yana ganin suna da taƙaitaccen bayani, na'urar kuwa tana karanta duka. Ita kanta ƙa'idar MCP, da ta ƙara alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya lalata abu a Maris 2025, ta ce kada a amince da alamomin sai daga tushen da aka yarda da shi. Ke nan mai tarke ba zai tsaya ga kalmomi ba, dole ya kunna manhajar, ya ba wakilin tambayoyi masu harshen damo irin ta Gaya, ya gwada abin da aka rubuta da abin da ya auku.