Gwanin da ke Tsare Lafiyar Ruwan Iyo

Duk wanda ya ga tafkin iyo na otal, ruwa garau har ana hango ƙasansa, to ya ga aikin wani gwani da ba kasafai ake yaba masa ba. Makaminsa wani farin gari ne mai tsaki-tsaki, kalsiyam haifokulorait, wanda 'yan sana'ar suka fi sani da HTH. Ƙarfin kulorin da ke cikinsa ya kai kashi 65 zuwa 70 cikin 100.

Gwani ba ya zuba magani da ka. Sai ya ɗebi ruwan ya gwada tukuna. Yana so kulorin ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin tsami kuma, wato pH, tsakanin 7.2 da 7.8. A nan ƙwarewar take. In pH yana 7.5, kusan rabin kulorin ne ke da kaifin kashe ƙwayoyin cuta. In ya haura 8, da ƙyar kwata ke aiki. Garin kansa kuwa yana ɗaga pH, shi ya sa gwani ke sake awo bayan ya zuba.

Lissafin a kansa yake: tafki mai lita 100,000 na buƙatar kimanin giram 150 kafin kulorin ya ƙaru da miligiram 1 a lita. Da safar hannu da tabarau, yakan zuba garin cikin bokitin ruwa, ba ya zuba ruwa a kan gari. Ya dama, ya bar gurɓin ya kwanta, sannan ya zagaya bakin tafki yana tsiyayawa, famfo na juya ruwan. Yakan jira faɗuwar rana, domin hasken rana cinye kulorin yake yi.

Hancinsa ma ma'auni ne. Warin nan mai sa ido ja, mutane na ɗauka magani ne ya yi yawa. Shi ya san kulorin ne ya haɗu da gumi da fitsari ya rasa ƙarfi, sai ya ƙara mai yawa lokaci guda ya ƙone dattin.

Ajiya ma ilimi ce: wuri busasshe mai sanyi, nesa da asid, mai da sauran nau'o'in kulorin, don haɗuwarsu na iya tayar da gobara ko iska mai guba.

Da wannan garin ake tsabtace rijiyoyi lokacin annobar kwalara. Mai sarrafa shi daidai ma'aikacin lafiya ne, kuma ya cancanci a girmama shi a haka.