Man Kaɗe, Aduwa da Lalle: Abin da Fatar Mutanen Fadama ke Bukata

Duk wanda ya fito daga cikin garin Sakkwato ya nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai ya ratsa fadamar Kwalkwalawa, inda Gulbin Rima ke malala da damina ya bar laka mai albarka. Da ruwa ya janye, manoman rani sun sauka: albasa, tumatir, tattasai, shinkafa, ga masunta a bakin gulbi. Wannan aiki kuwa yana faɗowa daidai da hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu danshin iskar Sakkwato kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Mutum ya wuni ƙafarsa cikin ruwan ban-ruwa, ya fito iska ta busar da ita nan take, gobe ma haka. Ba a daɗewa kaushi ya bayyana, faso ya buɗe baki a dunduniya, leɓe ya tsattsage, ƙwaurin yara ya yi fari fat.

Daga irin wannan bukata al'adar shafa man itatuwa ta taso a ƙasar Hausa, kuma da ita ya kamata a auna ta. Kariya ce ta fatar mai aiki tun kafin ta zama kwalliya. Kaka mai murza man kaɗe a tafin hannu tana shafe jikanta bayan wanka ba launin yaron take son sauyawa ba, so take kada fatarsa ta tsage.

Likitocin fata sun bayyana dalilin da ya sa dabarar ke aiki. Saman fatar mutum kamar katangar ƙasa yake: matattun ƙwayoyin fata su ne tubala, wani siririn maiƙo da jiki ke yi da kansa shi ne kwaɓin da ya riƙe su. Sabulu mai kaifi, yawan jiƙewa da bushewa, da busasshiyar iska suna cinye wannan kwaɓi, sai ruwan jiki ya riƙa tsiyayewa waje. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, toshe hanyar fitarsa yake yi. Shi ya sa shafa shi da zarar an fito wanka, jiki da sauran laima, ya fi shafa shi a busasshen jiki amfani nesa ba kusa ba. Iyaye mata sun daɗe da gano haka.

Man kaɗe ne jagoran wannan fage, ko da yake kaɗanya ba ta yawaita a kewayen birnin Sakkwato. Ta fi son inda ruwan sama ya ɗan fi yawa, don haka akasarin man da ake sayarwa a Tsohuwar Kasuwa daga kudu yake hawowa, daga yankunan Zuru da Yawuri, da jihar Neja. Aikinsa na mata ne tun daga tsinto 'ya'yan da suka faɗo da farkon damina: a cire naman, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, sannan a yi ta bugun ƙullun da hannu ana zuba ruwa har mai ya taso, a kwashe a tafasa a tace. Kusan rabin nauyin ƙwayar mai ne. Tarihinsa ma dogo ne. Masu tonon kayan tarihi a Kirikongo ta Burkina Faso sun samu shaidar ana sarrafa shi tun wajejen shekara ta 100 Miladiyya, kuma Mungo Park, wanda ya ratsa ƙasar Bambara a 1796, ya yaba shi ƙwarai a labarin tafiyarsa.

Abin da ya bambanta shi da sauran mayuka abu biyu ne. Yawancinsa sinadaran maiƙo ne guda biyu, sitiyarik da oleyik, haɗin da ya sa yake daskare a cikin kwano amma ya narke da ya taɓa ɗumin jiki. Sannan yana ɗauke da wani kaso mai yawa, fiye da na galibin mayukan tsirrai, na sinadaran da ba sa komawa sabulu ko an dafa su da toka, kuma cikinsu akwai waɗanda gwaji ya nuna suna rage kumburi da jan fata. Nan ne hujjar masu murza shi a gaɓar da ta gurɗe ko ƙirjin yaro mai mura. Amma masu tallarsa a intanet da ke cewa yana kare fata daga rana sun wuce gona da iri. Kariyar da yake bayarwa ta wannan fuska kaɗan ce ƙwarai, ba ta isa zabiya ya dogara da ita a ranar Afrilun Sakkwato ba.

Itacen da ya fi dacewa a kira na gida a nan shi ne aduwa, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tana jure fari, tana tsaye a bakin gonaki da makiyaya, yara na tsotsar 'ya'yanta, ana sassaƙa allon karatu da icenta. Cikin ƙwallon da ake yarwa akwai ƙwaya mai yawan mai, mara nauyi a jiki, mai ɗauke da sinadarin linoleyik da yawa. Ɓawonta da 'ya'yanta suna kumfa, shi ya sa aka yi wanki da su kafin sabulun kanti ya wadata. Wannan kumfa tana da ƙarfin da ba a zato: tun 1933 wani likita a Sudan, R. G. Archibald, ya nuna tana kashe dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya. Ga mutanen da rayuwarsu ke cikin ruwan fadama, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Abin da ya hana man aduwa yaɗuwa shi ne taurin ƙwallon, wanda fasa shi da dutse ɗaya bayan ɗaya ke cinye wunin mace kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Batun linoleyik ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne binciken zamani ya ƙara wa al'ada abin da ba ta da shi. Ba duk mai ne ɗaya ba. A Bangaladash, wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2005 ya nuna jariran da aka haifa bakwaini, aka riƙa shafa musu man ƙwayar furen sanfulawa mai yawan linoleyik, sun fi tsira daga cututtukan da ake ɗauka a asibiti da kimanin kashi 41 cikin ɗari. A Sheffield ta Ingila kuma, wani ƙaramin gwaji na 2013 a kan manya ya samu cewa shafa man zaitun kullum na mako huɗu ya raunana katangar fata, alhali man sanfulawa bai yi haka ba. Dalili shi ne oleyik, idan ya yi yawa a mai mai ruwa-ruwa, yana kutsawa ya sassauta wancan kwaɓi, shi kuwa linoleyik jiki na amfani da shi wajen gina shi. Zaitun yana da darajarsa a addini da abinci. Sai dai ga jariri sabon haihuwa, ko yaro mai yawan ƙaiƙayi da bushewar fata, likitoci sun fi son a yi taka-tsantsan. Man riɗi, wanda ake nomawa a Arewa har ana fitarwa waje, yana da linoleyik kusan kashi 40, kuma ba ya saurin yin ɗoyi.

Lalle kuwa ya haɗa ado da magani a wuri ɗaya. Sinadarin da ke ganyensa yana kama furotin ɗin fata da farce ya zauna, shi ne jan da ake gani, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana hana wasu ƙwayoyin cutar fata yaɗuwa. Hadisi ya zo a Tirmizi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan sa a ɗora lalle a kan rauni. Ƙunshin da tsofaffi ke yi a tafin ƙafa, wanda ake kwana da shi, yana taurara fata ya rage faso, kuma wankan lallen amarya asalinsa goge jiki ne da sanyaya shi. Amma akwai gargaɗi biyu. Yaran da aka haifa da ƙarancin sinadarin jini da ake kira G6PD, waɗanda suke da yawa a Najeriya, musamman maza, jininsu na iya fashewa idan aka lafta musu lalle a jiki suna jarirai. Na biyu, baƙin zanen da ya mamaye bukukuwa yanzu sau da yawa ba lalle ba ne, rinin gashi ne mai sinadarin PPD. Yana iya tayar da bororo daidai siffar zanen, kuma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya takan zauna da wannan ƙi har ƙarshen rayuwa.

Dogonyaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, baƙo ne da ya zama ɗan gari. Daga Indiya asalinsa, an fara dasa shi a Borno a 1928, yau kuma da wuya a sami titi a Sakkwato da babu inuwarsa. Ganyensa ya shiga ruwan wankan jego da na masu ƙuraje, mansa kuma ana shafawa don ƙazwa da kwarkwata. A waje kawai ya kamata ya tsaya: an sami yara a Indiya da Malesiya da suka kamu da farfaɗiya da ciwon hanta bayan an ɗura musu man. Bagaruwa ma haka take da fuska biyu. Ɗacin nan nata mai tsuke fata, wanda majeman Sakkwato ke jeme fatar jan akuya da shi tun ƙarnuka, yana busar da ƙurji mai ruwa, amma a busasshiyar fata ƙara mata bushewa yake yi.

Sakkwato ba baƙuwa ba ce wajen rubuta irin wannan ilimi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai kan magani, har da guda a kan filasko da wani a kan ciwon ido. Bayansa likitan Turawan mulki J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Abin da ya rage shi ne awo: nawa ake sawa, ga wa, har tsawon wane lokaci.

Abin da ya fara ture man kaɗe daga kan madubin mata shi ne basilin, kuma gaskiya ita ce basilin na aikinsa. Wajen toshe fitar ruwa daga fata babu man tsiron da ya kai shi, ga araha, ga rashin wari. 'Yan mata da dama warin man kaɗe suka guda. Wannan sauyi bai cutar da kowa ba. Wanda ya cutar shi ne na baya, lokacin da manufar shafa mai ta tashi daga kariya ta koma neman haske. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man bilicin, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa.

Abin takaicin shi ne yadda wannan kasuwa ta ari rigar gargajiya. A WhatsApp da TikTok ana tallar "haɗin amarya" da "sabulun haske" a robobi marasa lamba, ana lissafa kurkum, zuma, dilka, man kaɗe, man zogale, ana cewa duk oganik ne. Babu ɗaya cikin waɗannan da zai mayar da baƙar mace fara cikin mako biyu. Idan haɗi ya yi haka, to akwai abin da aka zuba ba a faɗa ba: ko haidirokwinon, ko zaiba mai lalata ƙoda, ko man asibiti mai sitiroyid irin kulobetasol da ake matsewa daga bututu a gauraya. Sitiroyid na sirantar da fata har jijiyoyi su fito, ya jawo nankarwa, ya buɗe wa makero da ƙyasbi ƙofa, rauni ya ƙi warkewa. Wasu iyaye har jarirai suke shafa wa. Ƙarshenta laifin ya faɗa kan itatuwan da aka ambaci sunansu, mai haɗin kuma ta sauya suna ta ci gaba.

Su kansu itatuwan suna cikin matsi. Kaɗanya kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ga icenta na cikin waɗanda masu gawayi da masu sassaƙa turmi suka fi so. Akasarin ƙwallon da ake fitarwa daga Afirka ta Yamma ba man shafawa yake zama ba, masana'antun cakulan ke saye. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗe na wata shida, tana cewa Najeriya na samar da kusan kashi 40 na kaɗen duniya amma rabonta a kuɗin kasuwar bai wuce kashi 1 ba. Manufar a sarrafa shi a gida ce, sai dai matakin farko ya faɗa kan mata masu tsinto, domin farashi ya karye a hannunsu.

A nan ne maƙwabtakar Kwalkwalawa da jami'a ya kamata ta yi amfani. Jami'ar, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar harhaɗa magunguna da ta aikin gona, tana da asibitin koyarwa a cikin gari, kuma ɗalibanta sun sha rubuta kundaye kan man aduwa, dogonyaro da zogale. Ayyukan da suka fi gaggawa ba masu tsada ba ne: a riƙa sayo haɗe-haɗen da ake sayarwa a kasuwannin Sakkwato ana gwada su, ana sanar da sakamakon da Hausa a rediyo, a ƙera ƙaramin injin fasa ƙwallon aduwa da ƙungiyar mata za ta iya saya, a gwada man aduwa da na riɗi a kan fatar manoman fadama a lokacin hunturu, kamar yadda aka gwada na sanfulawa a Bangaladash, don ungozoma da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi su san wanda za su ce a shafa wa jariri.