A Gyara Cikin Gari Kafin a Yanka Sabon Fegi

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi sai faɗi take yi. Gesse, Badariya, Gwadangaji, hanyar Kalgo inda Jami'ar Tarayya take, hanyar Ambursa wajen filin jirgi, ko'ina ka duba katangar bulo ce, da yawa babu ko ɗaki a ciki. Mai fegi jira yake ƙasa ta yi tsada.

A tsofaffin shiyyoyin da ke kewaye da fadar Sarkin Gwandu kuwa, gidajen gado ne ke zama kango. Maigida ya rasu, magada sun kasa daidaitawa, mai hali a cikinsu ya tare bayan gari, damina biyu uku soro ya rufta. Alhali titi da wuta da kasuwa da makaranta duk suna nan kusa.

Ni dai ina ganin nan ya kamata kuɗin gwamnati su fara shiga. Kowace sabuwar unguwa sai an ja mata kwalta da turakun lantarki da bututun ruwa, in ma an ja. Malamin makarantar da ya yi murnar samun fili da arha, kuɗin kabu-kabu ne ke cinye ribar.

In aka sake gina kangayen nan aka ɗora musu bene, za a ce yana kawo leƙen gidan maƙwabta, kuma gaskiya ne, ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Amma wannan aikin mai zane ne. A juya tagogin sama su kalli tsakar gida, a bar zaure inda yake, a fitar da shago bakin titi. Hawa ɗaya ya wadatar, ba Abuja muke son ginawa ba. Sai dai magudanar ruwa ta riga bulo zuwa.

Argungu kuwa ta fi buƙatar hattara wajen yanka sabon fegi. Kamfanin shinkafa na WACOT da aka buɗe a 2017 ya ƙara jawo mutane, kuma ambaliyar 2020 ta nuna wa kowa cewa fadama ta shinkafa ce da masunta. Ga Gidan Nabame nan, ginin 1831 da ya zama gidan tarihin Kanta, yana tsaye saboda ana kula da shi.

Matakin farko ma ba ya buƙatar siminti: hukumar raya birane ta zauna da hakimai da alƙalai a warware rabon gidajen gado, a ba magada takardar mallaka ɗaya da za su iya neman rancen gini da ita.