Daga Faifan 'Yar Talla Zuwa Faifan Bidiyo: Sharhi a Kan Salon Tallan Ƙananan 'Yan Kasuwa

Kalmar "talla" tsohuwa ce a bakin Bahaushe, kuma ma'anarta ta asali ba ta wuce ɗaukar haja a ka, a zaga da ita gida-gida ko lungu-lungu ana shelanta sunanta ba. Daga baya ne aka faɗaɗa ta, ta ƙunshi abin da kamfanoni suke bugawa a jarida tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, da kuma abin da ake watsawa a rediyo da talabijin. A 'yan shekarun nan kalmar ta sake samun masauki, watau gajerun hotunan bidiyo da teloli da masu atamfa da masu turare da masu abinci suke ɗauka da wayar hannu, su ɗora a kafofin sada zumunta domin neman masu saye. Manufar wannan sharhi ita ce duban wannan sabon nau'i ta fuskar harshe da salo, a ga abin da ya gada daga tallan baka, da kuma abin da ya yar a hanya.

Tarihin abin gajere ne. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. An ƙirƙiri Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010, amma tallan bidiyo bai zama ruwan dare ba sai bayan da WhatsApp ya buɗe dandalin da ake kira "sitatus" a 2017, TikTok ya yaɗu, Instagram kuma ya fito da nasa tsarin gajerun bidiyo a 2020. Kullen cutar korona na 2020, wanda ya rufe kasuwanni, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wanda ya tilasta wa jama'a koyon tura kuɗi ta waya, su ne suka ƙarasa share fagen. Kafin wannan lokaci, tallan da ake gani da ido na manyan kamfanoni ne kawai, domin mai tebur ɗaya a Kantin Kwari ba shi da abin biyan gidan talabijin.

Waɗanda suka fi cin gajiyar sauyin su ne matan aure masu sana'a a cikin gida. Tun a 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta jawo hankalin masana ga ɓoyayyen cinikin da mata suke yi daga gidajensu. Enid Schildkrout kuwa, a bincikenta na birnin Kano cikin shekarun 1970, ta nuna cewa yara ne ƙafafun wannan ciniki: su ne masu kai haja, su karɓo kuɗi, su kawo labarin abin da kasuwa take so. Bidiyon talla ya ɗauke wa yaran nan babban kaso na aikinsu a gidajen da ake da waya da kuɗin data. Wani abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, kalmar "faifai" da take nufin abin da 'yar talla take rufe ƙwaryarta da shi, ita ce aka ara wa faifan garmaho saboda kamannin siffa, daga nan ta zarce zuwa ga bidiyo, wanda a yau ba shi da wata siffa da za a riƙe a hannu.

Idan aka dubi zubi da tsarin waɗannan bidiyo, za a tarar galibinsu sun bi tafarki ɗaya: sallama, da ambaton sunan shago, da nuna haja, da yabonta, sannan kwatancen wuri da lambar waya. A nan ya kamata a lura da abin da ya sami sallama da gaisuwa. Manhajojin nan suna auna tsawon lokacin da mai kallo ya tsaya a kan bidiyo, kuma da wannan ma'auni, tare da yawan sharhi da turawa, suke yanke shawarar ko su nuna shi ga ƙarin mutane. Saboda haka daƙiƙoƙin farko su ne jari. Gaisuwar Bahaushe kuwa doguwa ce, ba ta san gaggawa ba. Wasu masu talla sun warware matsalar ta hanyar yanke gaisuwar gaba ɗaya, su faɗo wa mai kallo da ihun "kaya sun sauka!" Wasu kuma, waɗanda suka fi gwaninta, sun haɗa biyun: baki yana sallama, hannu ya riga ya fara warware turmin atamfa. Wannan dabara ta biyu ta fi dacewa da ɗabi'ar kasuwa, inda mai rumfa yakan gaishe da baƙo alhali yana shimfiɗa masa haja.

Amma inda magana ta fi nauyi shi ne wajen yabon haja. Kambamawa ba baƙuwa ba ce a tallan Bahaushe. Mai maganin gargajiya a bakin kasuwa yakan jero cututtuka goma ya ce ƙulli ɗaya ya ishe su. Makaɗan kalangu sukan cika gari da labarin naman da mahauta suka yanka, ba tare da kowa ya tambaye su ko san ya kai ƙibar da suke faɗi ba. Babu mai kiran wannan ƙarya, domin kowa ya san matsayinta: kira ne, aikinsa ya jawo ƙafa zuwa rumfa. Da zarar mai saye ya iso, sai kambamawa ta koma gefe, hannu ya karɓi aiki. Ya murza yadi tsakanin yatsunsa, ya ɗaga shi ga hasken rana, ya shinshina turare, ya ɗanɗana ƙuli-ƙuli. Idan ciniki babba ne ga dillali, wanda la'adarsa da sunansa suka rataya a kan ingancin kayan. Idan rigima ta tashi ga shugabannin kasuwa. Watau dai, harshen mai talla yana da 'yancin yin tsalle ne saboda akwai abubuwan da suke riƙe da shi a ƙasa.

A bidiyo, waɗannan abubuwa duk sun kau. Mai kallo a Gusau ko Maraɗi ba zai taɓa shaddar da ake nuna masa daga Kano ba, kuma sau da yawa sai ya biya kafin a ba direba saƙon a tasha. Ke nan kalmar mai talla ta tashi daga matsayin kira, ta zama ita ce siffanta kaya wadda ciniki ya ginu a kanta. Idan ya ce "ba ya zuba," to alkawari ya ɗauka, ko ya sani ko bai sani ba. Babban aibin mafi yawan bidiyon nan shi ne sun kwaso harshen bakin kasuwa sun zuba a muhallin da yake bukatar harshen shaida. Kowane yadi "ba irinsa a gari," kowane turare "ɗan Dubai ne," kowace humra "sai wanda ya gwada." Jimlolin suna da daɗin ji, amma babu wadda ta gaya wa mai saye yadi nawa ne a ƙullin, ko auduga ce zalla, ko launin da fitilar shago ta ƙawata shi ne zai gani a tsakar gidansa.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce ga malaman zaure. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda aka daɗe ana karantawa a ƙasar Hausa, ya halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, ya kuma yi togaciya game da shardanta biyan kuɗi tun kafin kaya su iso. Haka nan fiƙihu ya hana abin da ake kira najashi, watau mutum ya riƙa taya kaya ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani. Wanda ya san wannan babi ba zai rasa ganin kamanninsa da hotunan saƙonnin yabo da wasu masu talla suke liƙawa a bidiyonsu ba, waɗanda mai kallo ba shi da hanyar tabbatar da ko daga masu saye na gaskiya suka fito. Haka kuma hayar fitaccen ɗan fim ya rantse da ingancin sabulun da bai taɓa wanka da shi ba.

Sai batun farashi. Al'adar da ta yaɗu ita ce a ƙi faɗin kuɗin kaya, a ce mai so ya biyo ta akwatin saƙon sirri. Akwai uzurori da za a iya kawowa. Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, farashi yakan sauya kafin bidiyo ya gama zagayawa. Har ila yau, tambayar "nawa?" da jama'a suke jerowa a ƙasan bidiyo tana ƙara masa yawan sharhi, manhaja kuma ta ƙara yaɗa shi. Wasu ma sukan ce ai ko a kasuwa ba a rubuta farashi, tayawa ake yi. To amma kwatancin bai cika ba. Taya da "albarka" a bainar jama'a ake yin su, na kusa yana ji, maƙwabcin rumfa yana ji, kuma wannan jin shi ne yake hana a yanka baƙo fiye da kima. Cinikin akwatin sirri ba shi da ɗan kallo. Mai saye yakan zargi cewa an dubi hotonsa ne aka yanka masa kuɗi, kuma ko zargin ba gaskiya ba ne, ya riga ya ci wani abu daga amanar da ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da jarin da ya fi ta.

Ta fuskar zaɓen kalmomi, Ingausa ta yi kaka-gida. Wasu kalmomin aro, irin su "oda" da "alat" da "data," sun shigo ne da sabon abin da suke nufi, kuma harshe ya riga ya tanƙwasa su; babu abin zargi a nan. Abin dubawa shi ne inda aka ture kalmar da take da rai aka sa baƙuwa don ƙawa kawai. Bahaushe yana da "nagari" da "ingantacce" da "mai aminci" da "mai ƙwari" da "gangariya," kowace da inda ta fi zama, amma "orijinal" da "kwaliti" sun haɗiye su duka, har sun zama ba sa nufin kome saboda yawan maimaici. Rubutun da ake ɗorawa a kan hoton kuwa ya fi muni. Ba a kula da baƙaƙe masu ƙugiya, ba a raba kalmomi bisa ƙa'ida, sai a rubuta "kasa" mai karatu ya rasa ko ƙasa ake nufi ko kasa kaya.

Duk da haka, ba daidai ba ne a yi wa nau'in kuɗin goro. Akwai wani rukuni da ya gano abin da kyamara ta fi baki iyawa, watau nuna aiki. A ɗauki misalin mai kilishi da ya ajiye waya ta ɗauki yadda ake feɗe tsoka falle-falle, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, a gasa. Ko marini a Ƙofar Mata yana tsoma zane a baba yana ɗagowa, mai kallo yana ganin yadda launin yake juyewa daga kore zuwa shuɗi da iska ta buge shi. Ko tela da ya juya riga ya nuna bayan ɗinki, inda ha'inci yakan ɓuya. A irin wannan bidiyo magana kaɗan ce, kuma yawancinta sunaye ne da aikatau: sunan abu, da abin da ake yi masa, da kwana nawa yake ɗauka. Siffofin yabo sun ragu domin ido ya karɓi aikinsu. Mai kallo bai taɓa kayan ba, amma ya ga hannun da ya yi su, ya ga wurin, ya ga fuskar da zai iya nema idan an saɓa. Wannan shi ne mafi kusa da abin da murza yadi yake ba mai saye a rumfa. Ga masu nazarin harshe kuma akwai riba ta daban, domin a bakin waɗannan masu sana'a ake jin kalmomin karofi da na fawa da na dukanci da samarin birni suka fara mantawa.

Hukuma ba ta yi shiru ba a takarda. Dokar 2022 da ta kafa ARCON a madadin APCON ta 1988 ta shigar da tallan intanet cikin abin da ake tantancewa kafin a watsa, NAFDAC kuma, wadda aka kafa a 1993, ita ke da hurumin amincewa da tallan magani da abinci. Sai dai an tsara waɗannan hanyoyi ne da kamfani mai ofis da ma'aikata a zuci. Matar da take ɗora bidiyon maganin sanyi ko na mata sau uku a yini daga ɗakinta ba ta cikin lissafin, alhali a wannan fanni na magunguna ne kambamawa ta fi haɗari, tun da abin da ake sakawa a caca lafiyar jiki ce.

Akwai kuma wata wahala da take jiran ɗaliban da za su so ɗaukar wannan fage a matsayin batun kundin digiri. Tallan jarida yana nan a ɗakunan ajiya, wani ɓangare na tallan rediyo ma an adana shi a kaset. Abin da aka ɗora a "sitatus" kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda suka ajiye lambar juna da mai shi. A nan ne mafi yawan matan cikin gida suke tallarsu, da karin harshen garuruwansu, da barkwancin da suke yi wa ƙawaye da dangi waɗanda su ne masu sayensu na farko. Mai binciken da ya tsaya ga TikTok da Instagram kaɗai zai tattara muryar masu shaguna da masu kuɗin hayar 'yan fim, ya rasa ta waɗannan mata, sai fa idan ya bi gida-gida ya nemi izini, kamar yadda Hill da Schildkrout suka yi a zamaninsu.