Fijo 504 da Sana'ar Gyaran da Ba Ya Barin Tabo

Kwanakin baya wani dillalin motoci ya ce da ni, wai duk wanda ya taɓa injin tsohuwar mota don ƙara mata ƙarfi ya zubar da kuɗinta. Washegari kuma wani matashin bakanike ya ce mini ɓata lokaci ne, a cire injin Fijo gaba ɗaya a dasa na Toyota kowa ya huta. Ban yarda da ko ɗayansu ba. Akwai hanya ta uku da tsofaffin masu gyaran Fijo suka daɗe suna bi, ita nake son karewa, domin na ga tana neman ɓacewa.

Tarihin motar sananne ne. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta cinye gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar PAN mai harhaɗa Fijo ta fara aiki a Kaduna, kuma bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, nan gida aka ci gaba da harhaɗa ta har 2006. A zamaninta ita ce motar gwamna, ita ce ta 'yan tasha. Yau masu lafiyar jiki sun yi ƙaranci, shi ya sa wadda ta rage da injinta na asali take da daraja a wurin masu tara tsofaffin motoci.

Abin da mai saye na gaske yake fara dubawa shi ne lambar inji, ya gwada ta da takardu. Daga nan sai ya leƙa ya ga ko an yi walda ko yanka a mazaunin inji. Saboda haka ƙa'idar tsofaffin nan guda ɗaya ce: duk abin da za ka yi wa inji, ya zama sifana za ta iya warware shi. Abin da aka ɗaura da noti ana kwance shi. Abin da aka yanka ko aka gurza ya tafi ke nan. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta kawo irin wannan tunani a Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, inda ta nemi a riƙa rubuta duk canjin da aka yi, kuma a fifita wanda za a iya mayarwa. Mutanenmu sun riga takardar sanin haka.

Mu ɗauki gyaran da na fi ƙauna, wato na wutar filogi. Injin 504 mai lita 2, wanda girmansa cc 1971 ne, yana fitowa da ƙarfin doki 90 da 'yan kai. Yawancin waɗanda ke kan hanya yau ba sa ba da wannan ƙarfin, kuma sau da yawa laifin yana cikin distiributa. Buɗe murfinta za ka ga kwantak, 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don aika wuta. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kwantak yana buɗewa sau 100 a kowace daƙiƙa. Ɗan dunduniyar da ke gogar sandar tsakiya yana cinyewa a hankali, tazarar da aka saita ta ragu, wuta ta riƙa zuwa a makare. Bakin ƙarafan kuma yana ƙonewa ya yi ƙuraje. Mai mota ba ya lura, sai dai ya ji tana nauyi a hawa, tana shan mai, tana gardamar tashi da asuba lokacin hunturu.

Maganin ɗan ƙaramin abu ne da bai fi akwatin ashana ba. Ana kwance kwantak da kwandensa, a ɗaura na'urar lantarki mai aiki da maganaɗisu a gurbinsu, a fito da wayoyinta biyu ta hudar da tsohuwar waya take bi, a haɗa da koyil, a sake saita lokacin wuta. Babu abin da ke gogar wani, don haka saitin ba ya gocewa. A mayar da murfi, ko wanda ya shekara talatin yana gyaran Fijo sai ya duba da kyau kafin ya gane. Masu cewa wannan ba ya ƙara doki ko ɗaya sun faɗi gaskiya, amma sun kauce wa batun. Yana dawo da dawakin da suka ɓace ne, kuma ya tsare su. Na ga wani dattijon bakanike ya gama wannan aiki, ya naɗe tsohon kwantak a tsumma mai ɗan maiƙo, ya saka a gwangwanin madara, ya miƙa wa mai motar ya ce, "Alhaji, adana wannan, na motar ne." Wannan gwangwanin shi ne darajar motar a ranar sayarwa.

Sauran gyare-gyaren ma haka suke. A wanke kafireto a saita shi, a sa lagireto mai ƙarin layi don zafin watan Afrilu, a daina zuba ruwan rijiya zalla domin yana cin tof silinda, wanda na alminiyam ne. Idan aka samu giya mai biyar ta 505, za ta sauƙaƙa wa inji a doguwar hanya, amma a nemo furofela da ta dace da ita, kada a yanke ta asali, kuma tsohuwar giyar a ajiye ta. Shi kansa injin an gina shi ne don irin wannan kulawa: silif ɗinsa ana zare shi a sa sabo tare da fistin da ringi, bulok mai ɗauke da lamba yana nan ba a taɓa shi ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne gurje tof silinda fiye da kima don neman matsi, da dasa baƙon inji. Garin neman gira ake rasa ido. Motar za ta yi gudu, amma ta tashi daga 504, ta koma gangar jiki da ke ɗauke da zuciyar wata.

Damuwata ta wuce farashi. Masu iya kasa kunne a gefen inji su ce wuta ta makara suna tsufa, yaran gareji kuma sun fi sanin kwamfutar gwaji. Duk injin Fijo da aka cire aka sayar wa 'yan gwangwan, an rage wurin da yaro zai koyi wannan sauraro. Mai 504 da ya kai ta wurin dattijon da zai gyara ba tare da yanka ba ya tsare kuɗinsa, ya kuma ba wani yaro damar tsayawa a gefe yana kallo da sifana a hannu.