Masu Shiga Tsakani a Unguwannin Chicago da Baltimore

Masu shiga tsakani ma'aikata ne da ake ɗauka daga cikin unguwa domin su sasanta rikici kafin a kai ga zaro bindiga. Tsarin ya yi suna ne daga Chicago ta Amurka, inda likita Gary Slutkin, wanda ya yi fama da kwalara da tarin fuka a Somaliya, ya ƙaddamar da shirin CeaseFire a unguwar West Garfield Park a shekarar 2000. A ganinsa, harbe-harbe na yaɗuwa ne kamar annoba, domin kowane kisa na janyo ramuwar gayya.

Da yawa daga cikin ma'aikatan tubabbun 'yan daba ne, wasu har sun sha ɗauri, shi ya sa matasa ke sauraronsu. Ba sa riƙe makami, ba sa kai wa 'yan sanda rahoto. Da wannan amana suke cin nasara. Da zarar an harbi wani, sai su garzaya asibiti ko gidan makoki, su zauna da 'yan'uwa da abokansa, su yi ta ba da baki har zuciya ta huce. Aiki ne na haƙuri, mafi yawansa kuma cikin dare ake yi.

Daga baya shirin ya koma Cure Violence. A 2007 hukumar lafiya ta birnin Baltimore ta kafa irinsa mai suna Safe Streets. Sakamako ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, kuɗin gudanarwa kan yanke, haɗarin kuwa babba ne: tsakanin Janairun 2021 da Janairun 2022 an harbe ma'aikatan Safe Streets uku har lahira.