Jinjina ga Masu Tallafa wa Makarantar Bronnum

A Mbamba, kusa da Yola, makarantar tauhidi ta Bronnum take horar da fastocin cocin LCCN. Sunan Dakta Niels Bronnum ta ci, likitan Danmak da ya iso Numan a 1913.

Ɗaliban da suka fito daga ƙabilun Adamawa iri-iri suna zama tare, suna karatu tare, suna addu'a tare, har su zama dangi. Wannan zumunci ba ya yankewa ranar yaye ɗalibai.

Jinjina ga tsofaffin ɗalibai da ba su manta mafari ba, da ikilisiyoyin karkara masu ba da baiko daga ɗan abin hannunsu domin wani ya yi karatu. Guminku ne ke samar wa ƙauyuka makiyaya.